ZAFIN BAZARA DA IYAKAR DA KE TSAKANIN TSIMI DA GIYA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta wa bayinSa daɗaɗan abubuwa, Ya haramta musu munana, Ya kuma sanya hankali ya zama amana a wuyan ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi a tsakiyar bazara ya san abin da ake kira ƙishirwa. Garin yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai daga Sakkwato ta hanyar Kware da Gwadabawa, Birnin Ƙwanni kuwa ga ta nan a tsallake. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sa'an nan ne fataken shanu da raƙuma, da masu awon hatsi, da 'yan kabu-kabu, kowa yakan nemi abin jiƙa maƙoshi. Nan ne abincin mata da yawa yake, masu fura da nono, da masu kunun zaƙi, da kunun aya, da zoɓo, da lamurje. Sana'a ce ta halal, kuma da ita ake ciyar da marayu, ake yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki.

To, amma akwai wata matsala da takan taso kowace shekara idan zafi ya tsananta. A ɗauki misalin mace wadda ta zuba ɗan jarinta duka ta yi kunun aya da dabino da sukari, ta ɗura a gorunan roba, kasuwa ta watse saura rabi ba a saya ba, wutar lantarki babu, ƙanƙara ta narke. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta ga gorunan sun kumbura, in an buɗe murfi su yi tsaki, kumfa ta taso. Shin wannan abin sha yana nan a kan halaccinsa, ko ya zama ɗan'uwan burkutu? Idan ta zubar, jarinta ya karye. Idan ta sayar, me ta shayar da Musulmi? Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, balle ma da yake daga shekarar 2019 zuwa 2024 watan Ramalana ya yi ta faɗowa a tsakanin Maris da farkon Yuni, watau lokacin da mai azumi yakan kai hannu ga duk abin da ya samu mai sanyi ba tare da bincike ba.

ASALIN HARAMCIN GIYA

Kafin a shiga hukuncin kunu, wajibi ne a san tushen maganar. Allah Ta'ala bai haramta giya a rana ɗaya ba, sai da Ya bi da mutane mataki-mataki saboda rahamarSa. A Suratul Baƙara aya ta 219 Ya bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu. A Suratun Nisa'i aya ta 43 Ya hana kusantar salla cikin maye. Daga ƙarshe a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91 Ya haɗa ta da caca da gumaka, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umurni da a nisance su ɗungurungum. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai aka ji mai shela yana sanar da haramcin, nan take aka tuntsurar da tuluna har giya ta malala a lungunan Madina. Abin lura a nan shi ne, abin da suke sha a wannan rana ba na inabi ba ne, na dabino ne, amma babu wanda ya tsaya yana neman tawili.

Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi ya faɗa a kan mumbari cewa lokacin da haramcin ya sauka ana yin giya ne daga abubuwa 5, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya kuma bayyana cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Har ila yau Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani mutum daga Jaishana ta ƙasar Yaman ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, game da wani abin sha da suke yi da dawa, ana kiransa mizru. Da Annabi ya tabbatar cewa yana sa maye, sai ya yanke hukunci cewa duk mai sa maye haramun ne. Wannan mizru kuwa, idan aka duba, shi ne burkutun ƙasar Hausa, sai dai bambancin suna. Saboda haka maganar masu cewa burkutu ai dawa ce da ruwa, abinci ne kawai, ba ta da madafa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito ƙa'idar da ta rufe sauran ƙofa, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A kan haka Imamu Maliku da Shafi'i da Ahmadu suka tafi, haka ma Muhammadu ɗan Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda a kan maganarsa Hanafawa na baya suke ba da fatawa.

YADDA ZAƘI KE JUYEWA YA ZAMA MAYE

Sahabi Huzaifa ɗan Yamani ya kasance yana tambayar Annabi game da sharri alhali mutane suna tambayarsa game da alheri, don tsoron kada sharrin ya riske shi bai sani ba. Da irin wannan niyya ya kamata Musulmi ya san yadda abin sha ke juyewa. Allah Ya halicci wasu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, suna nan a iska, da jikin hatsi, da ɓawon 'ya'yan itace, da cikin ƙwarya ko jarkar da ba a wanke ba. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar da aikinsu tun daga shekarar 1857. Iri uku ne suka shafi wannan magana. Na farko su ne masu juya zaƙi ya koma tsami, su ke sa madara ta zama kindirmo, su ke sa gasarar koko ta yi ɗanɗano. Na biyu shi ne yisti, wanda ke cin sukari ya fitar da abu biyu, iskar da ke tayar da kumfa da kuma sinadarin da ke sa maye. Na uku su ne masu cin wannan sinadari idan iska tana shiga, su mai da shi ruwan tsami, wanda Larabawa ke kira khal.

Linzamin waɗannan ƙwayoyi duka yana hannun zafi da sanyi. A cikin firiji, wajen digiri 4, yisti kamar barci yake yi. Tsakanin digiri 25 da 35 aikinsa yakan yi sauri ƙwarai. Idan aka tafasa abu kuwa ƙwayoyin sukan mutu, sai dai wasu su sake faɗawa bayan ya huce. Mashaya na ƙasashen Turai sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1553 sarkin Bavariya ta ƙasar Jamus ya hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, domin ta lokacin zafi takan lalace, kuma kamfanonin giya na daga cikin waɗanda suka fara amfani da injin sanyi na Carl von Linde a shekarun 1870. Har yau mai haɗa giya a gidansa a can yakan zauna da ma'auni yana gadin tukunyarsa, wani irin a riƙe shi wajen digiri 20, wani wajen digiri 10. To, idan wanda ke neman maye yana yin wannan tsantseni don abinsa ya yi masa kyau, ashe mumini ya fi cancanta ya lura da zafin ɗakinsa don kada abin shansa ya tsallaka iyaka bai sani ba.

A lissafa da yanayin Illela. A watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu, dare yakan yi sanyi har kunu ya kwana lafiya a tsakar gida. A watan Afrilu kuwa ɗaki mai rufin kwano yakan riƙe zafi har asuba, daidai yadda yisti yake so. Don haka tukunya ɗaya, hannu ɗaya, kayan haɗi iri ɗaya, amma abin da ya yi kwana uku da ɗari bai canja ba, da bazara yana iya tashi cikin yini da kwana.

ABIN DA SUNNA TA KOYAR

Abin mamaki shi ne, malaman Musulunci sun gano wannan tun ba a ƙera madubin likita ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kasance ana jiƙa masa dabino ko zabibi a ruwa, abin da Larabawa ke kira nabizu, a Hausa kuwa tsimi. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisai biyu a kan haka. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ce sukan jiƙa masa a salka da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Abdullahi ɗan Abbas kuma ya ce akan jiƙa masa ya sha a ranar, da kashegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya ba mai hidima ko ya sa a zubar. Mai karatu zai ga kamar hadisan sun saɓa, ɗaya yini guda, ɗaya kwana uku. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 ta Hijira, ya kawo a sharhinsa bayanin wasu malamai cewa mai yiwuwa hadisin A'isha a lokacin zafi ne da ake tsoron tsimin ya lalace in ya wuce yini, na Ibnu Abbas kuwa a lokacin da ake da amincin ba zai canja ba kafin kwana uku. Ya kuma bayyana cewa bai wa mai hidima yana faruwa ne idan babu alamar canji, in da alama sai a zubar, domin abin da bai halatta ga uban gida ba bai halatta ga yaronsa ba.

Daga nan ake gane cewa kwana uku ba lasisi ba ne a kowane gari da kowane wata. Imamu Ahmadu ya ɗauki kwana uku a matsayin iyakar ruwan inabin da aka matse ko da bai tashi ba, mafi yawan malamai kuwa, har da Malikawa, suka rataya hukuncin ga sifar maye, ko ta zo da wuri ko ta jinkirta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Huraira ya san Annabi yana azumi, sai ya tanadar masa tsimin da ya yi a cikin duma don buɗa-baki. Da ya kawo sai ga shi yana tsaki yana kumfa, Annabi kuwa ya umurce shi da ya watsa shi ga bango, ya kuma siffanta shi da cewa abin shan marasa imani ne. Abu Huraira bai yi nufin saɓo ba, kyautatawa ya nufa, amma kyakkyawar niyyarsa ba ta hana tsimin tashi ba.

Har mazubi ma Sunna ba ta bari ba. Lokacin da wakilan ƙabilar Abdul Ƙaisi suka zo Madina daga gabashin ƙasar Larabawa, Annabi ya hana su yin tsimi a cikin abubuwa 4, duma, da koren tulu mai santsi, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da ƙaro. Malamai suka ce dalili shi ne tsimi yakan yi saurin tashi a cikinsu mai shi bai ankara ba, saɓanin salka wadda ba ta ɓoye abin da ke cikinta. Daga baya, a hadisin Buraida, an yi sassauci aka halatta kowane mazubi da sharaɗin kada a sha mai sa maye. Duk da haka Imamu Maliku ya tsaya a kan karhancin duma da mai shafen ƙaro, kuma kowane almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidi ko Muhtasar na Halilu a zaure ya ci karo da wannan, tare da hanin jiƙa abu biyu wuri ɗaya, kamar dabino da zabibi. Hikimar ta fito fili ga mai lura. Randar ƙasa da salka suna zufa, iska ta busa su yi sanyi, amma mazubi mai santsi ba ya zufa, gorar duma kuwa tana riƙe guggubin jiya a jikinta ya zama iri ga na yau. Babu malamin da ya haramta jarkar roba, amma wanda ya fahimci dalilin hanin zai san cewa jarkar da ta wuni a rana, ba a kuma wanke ta da kyau ba, ta fi duma buƙatar sa ido.

KADA A WUCE GONA DA IRI

A nan sai a yi hattara, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akan sami wani ya ji rabin magana, ya tashi yana haramta wa mutane nono da koko da waina, wai don sun kwana sun yi tsami. Wannan kuskure ne babba, kuma haramta halal laifi ne kamar halatta haram, kamar yadda Suratun Nahli aya ta 116 ta yi gargaɗi. Tsami dabam, maye dabam. Mutum zai sha ƙwaryar fura da nono har cikinsa ya cika, ba abin da zai same shi sai barcin ƙoshi. Ƙullun waina da kwaɓin burodi da funkaso duk suna tashi, amma ba wanda ya taɓa cin su ya kasa gane hanyar gidansa. Ɗan burbushin da masu awon kimiyya ke samu a cikin irin waɗannan, har ma a cikin ayabar da ta nuna sosai, ba ya shiga hukunci, tun da yake mai yawansu ba ya bugarwa. Asalin abinci da abin sha halacci ne, kuma shakka ba ta ture yaƙini.

Saboda haka abin sha na gida yana da hali uku. Na farko, wanda ke kan zaƙinsa, wannan halal ne ba tantama. Na biyu, wanda ya yi tsami irin na al'ada ba tare da ƙarfi ba, shi ma halal ne muddin bai ruɓe har ya zama cuta ba. Na uku, wanda alamu suka taru a kansa, gora ta kumbura, kumfa tana tasowa daga ƙasa kamar ana tafasa shi alhali babu wuta, zaƙinsa ya ragu, warinsa ya canja, yana cizon harshe. Wannan shi ne irin wanda aka umurci Abu Huraira ya watsar. Ko da mutum bai tabbatar ya kai ga bugarwa ba, ya shiga shubuha, kuma ba a ce ya kwankwaɗa don ya gwada ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ya kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da sarki ya killace, ko ba jima ko ba daɗe dabbobinsa za su faɗa. Mutanen Illela, waɗanda suka san kiwo suka kuma san iyaka, ba su buƙatar dogon sharhi a kan wannan misali.

Wasu sukan yi dabara, su ƙara ruwa da sukari da ƙanƙara, ko su gauraya na jiya da na yau, ko su sake ɗora shi a wuta. Sanyi yana tsayar da aikin yisti ne kurum, ba ya kwashe abin da ya riga ya fitar. Ƙarin sukari kuwa ƙarin abinci ne gare shi. Tafasawa tana amfani ne kafin abu ya tashi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya yarje wa mutanen Sham ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi. Amma abin da ya riga ya zama giya, dafuwa ba ta mayar da shi halal. Ga kuma laifin algus, wanda Annabi ya barranta daga mai yin sa lokacin da ya cusa hannu a tulin abinci ya ji danshi a ƙasa. Ma'auni mai sauƙi ga mai sayarwa shi ne ta tambayi kanta ko za ta ba ɗanta mai azumi wannan gora. In wanzami ba ya son jarfa, to kada ya tsaga fuskar ɗan wani.

Haka nan hukuncin yake ga tsimin sassaƙe da saiwoyi da akan zuba wa zuma ko sukari a rufe a tulu mako guda da sunan maganin basir ko shawara. Idan ya kai ga sa maye, sunan magani ba ya wanke shi. Ɗariƙu ɗan Suwaidi ya gaya wa Annabi cewa don magani yake yin giya, aka amsa masa cewa ita cuta ce ba magani ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Amma giyar da ta juye da kanta ta zama khal, malamai sun haɗu a kan halaccinta, domin sifar maye ta gushe, Annabi ma ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci.

MAI HATSI DA MAI DAKO

Maganar ba ta tsaya ga mata masu kunu ba. Burkutu ba ya samuwa sai da dawa, dawa kuwa a hannun 'yan kasuwa take. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an la'anci mutum 10 a kan giya, daga ciki har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Malaman Malikiyya, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, kuma Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Ba a ɗora wa mai awo ya tuhumi duk wanda ya zo da buhu ba, wannan takurawa ce da munana zato. Amma idan ya sani tabbas cewa wance ba tuwo take tuƙawa da wannan jar dawa ba, ribar mudun nan ba ta da albarka. Haka ɗan kabu-kabun da aka ɗora wa jarka ya san abin da ke ciki, ya bi da ita ta barauniyar hanya.

A shekarar 2000 Jihar Sakkwato ta shiga jerin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999. Dokar wannan gefe dabam, ta wancan gefe dabam, har wani saurayi yakan ɗauka in ya tsallaka ya fita daga hukunci. Iyakar Illela an rufe ta a watan Agusta na 2019 aka buɗe a Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023 aka buɗe a 2024, amma iyakokin Allah ba a buɗe su don canjin gwamnati, kuma mala'iku marubuta ba a tsayar da su a shingen kwastan. Wannan yanki ma ba baƙon wannan kira ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya gafarta masa, an haife shi a Maratta a 1754, can gabas da Ƙwanni, ya yi karantarwa a Degel, kuma a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa ci da sha ba tare da duban halal da haram ba a cikin halayen mulkin zalunci da ya yi kira a bari.

MAFITA

Rigakafi ya fi magani. Mai sana'ar abin sha ta rage yawan abin da take yi da bazara, ta auna da cinikin yini guda. Ta wanke jarka da goruna da ruwan zafi da sabulu, ta shanya su su bushe. Ta ajiye kayanta a inuwa, cikin kula ko randa, ko ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ya rage da yamma gara ta karyar da farashi, ko ta yi sadaka da shi tun yana da kyau ga almajirai da masu buɗa-baki a masallaci, ta sami lada maimakon hasara. Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, abin ya riga ya tashi, to ta zubar ta wanke mazubin. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi game da giyar da wasu marayu suka gada, aka ce ya zubar, alhali dukiyar maraya ce wadda shari'a ta fi tsananta tsaronta. Allah kuwa Ya yi alkawari a Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 2 da ta 3 cewa mai tsoronSa zai sami mafita da arziki ta inda bai zata ba.

Sai dai alkawarin Allah yakan zo ta hannun bayinSa. Miji da 'yan'uwa da maƙwabta da masu fitar da zakka, wajibinsu ne su tallafa wa wadda ta zubar da jarinta don tsoron Allah, kada a bar ta ta yi nadamar gaskiyarta. Haka wadda talauci ya jefa ta cikin dafa burkutu, a nuna mata wata sana'a a ba ta jari, ya fi a tsaya daga nesa ana tsine mata. Buhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi saboda shan giya, har wani daga cikin jama'a ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ƙofar tuba a buɗe take ga mashayi da mai dafawa da mai dako, matuƙar rai bai kai ga maƙoshi ba.

Allah Ya tsare wa Musulmi hankulansu da dukiyoyinsu, Ya sanya albarka a sana'ar masu neman halal, Ya shiryi waɗanda suka kauce, Ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.